Tsari, layi da kaushi: yadda ɗalibin zane zai ɗauki darasi daga masu fentin zamani ba tare da ya zama ɗan kwafi ba

Abin da na lura yana damun yawancin ɗaliban zane, musamman waɗanda suka zaɓi fenti ya zama fanninsu, shi ne sun fi son su fara aiki daga ƙarshe. Yaro ya ga hoton wani aiki a Instagram ko Pinterest, fenti ya yi kauri ya yi tudu-tudu, an kankare nan an liƙa buhu can, sai ya ruga ya sayo POP da gam ɗin Top Bond ya lafta wa kanbas, wato yadin da ake fenti a kai, ya watsa kala, ya koma gefe yana jira abin ya yi kyau, kuma ba zai yi ba. Ba wai don ba shi da baiwa ba fa, a'a, abin da ya gani a waya hawa na ƙarshe ne kawai na aikin, bai ga abin da aka binne a ƙasa ba. Maginin da ya san aikinsa ba ya yaɓe sai ya ja igiya ya fitar da fili, ya ɗora tubali ya ga bango ya miƙe, to fenti ma haka yake, tsari tukuna, sai layi, kaushi ya zo daga baya. Wannan jerin shi zan bi da kai, kuma zan riƙa cewa "ka" ne don sauƙi, amma har da ke nake ƙanwata.

Wani abu da ya sa nake son ɗalibanmu su riƙe wannan hanyar, da yawa a cikinmu ba sa sakin jiki da zanen abu mai rai, wasu gida ma ba za a bar su ba. To irin aikin da za mu yi magana a kai ba ya buƙatar fuska ko ɗaya, kuma ana baje shi a manyan gidajen zane na duniya.

Kayan aiki da shirya fili

Kar ka jira sai ka samu kuɗin kayan waje. Littafin zane ko ma takardun A4, fensir 2B da 6B, gawayi, tawada baƙa, fentin akrilik, wato wanda ake tsinkawa da ruwa mai saurin bushewa, kala biyar sun isa (fari, baƙi, ja mai kalar ƙasa, rawaya, shuɗi), buroshi babba na masu fentin gida guda ɗaya da ƙanana biyu, wuƙar fenti, tsohon katin ATM, tef ɗin takarda, samfefa, gam fari, da kwalbar feshin ruwa. Kwalbar nan kar ka raina ta, lokacin hunturu akrilik na bushewa a kan faranti kafin ka gama haɗa kala, sai kana fesa masa ruwa kaɗan-kaɗan.

Akrilik na ce ba fentin mai ba, saboda aikin hawa-hawa ne, kana so hawa ɗaya ya bushe cikin mintuna ka ɗora wani. In kuma dole sai ka yi da fentin mai to ka riƙe doka biyu: ana ɗora mai a kan akrilik amma ba a ɗora akrilik a kan mai, ɓarewa zai yi, sannan hawan ƙasa ya zama tsarara mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi maiƙo, in ka juya su na sama ya riga na ƙasa bushewa ya tsattsage.

Wannan karon ka bar kanbas, ka je wurin kafinta ya yanko maka filawud kamar santimita 40 da 50, guda uku. Dalili shi ne duk abu mai nauyi ko mai tauri da za ka ɗora, yashi ne ko POP, kanbas na motsi, yana saki da damina ya ɗame da rani, abin da ke kansa kuma ba ya motsi, sai ka ga ya fashe yana zubowa. Ka goge katakon da samfefa, ka shafa gam da aka tsinka da ruwa gaba da baya (bayan ma dole, in ba haka ba zai lanƙwashe), ya bushe, sannan ka shafa jeso, wato farin shafin share fage da ake yi kafin fenti, in kana da shi, in babu ka haɗa farin fentin bango na ruwa da gam, ni dai kashi uku na fenti kashi ɗaya na gam nake so, shafi biyu, na farko a kwance na biyu a tsaye.

Ka fita ka samo abin da za ka zana

Kuskure ne ka zauna a ɗaki kana jiran tunani ya faɗo maka, abin da zai faɗo shi ne wanda ka gani a waya jiya. Ka fita ka nemi wuri guda da ka sani. In kana Kano ka hau Dala ka leƙo rufin kwanon unguwannin da ke ƙasa, tsatsa kala-kala, lunguna sun ratsa tsakani, wayoyin wuta sun gitta ta sama. In kana Zariya ga tsofaffin gidajen cikin birni da zanen da aka tayar a fuskar soro, in kana Damagaram ga unguwar Birni. Tasha ma ta yi, kasuwar hatsi da buhuna a jere ta yi. Zan yi misali da rufin kwanon nan har ƙarshe, kai sai ka musanya da naka. Ka zauna a wurin ka zana da hannu ko da minti talatin ne, hoto na waya ka ɗauka don tuni kawai.

Mataki na farko: tsari

Tsari shi ne yadda ka raba filin zanenka, ina nauyi yake, ina aka bari fayau, ta ina ido zai shiga ya bi ta ina. In ka je nesa da zane har ba ka iya ganin ƙananan abubuwa, abin da ya rage shi ne tsarin.

Ka nemi aikin Julie Mehretu ka zuba masa ido. An haife ta a Adis Ababa a 1970, a Amurka ta tashi, a New York take aiki. Kallon farko za ka ɗauka guguwa ce kawai ta layuka da ɗigo-ɗigo, amma ka zuƙo hoton sosai, a can ƙasa za ka ga zanen gine-gine ne da taswirar birane da filayen wasa da filayen jirgi, an zana su da rula tsaf. Takan rufe wannan hawan da wani ruwan akrilik mai gani-har-hanji, a goge shi ya yi sumul, sannan ta zo da tawada ta yi ta bugu a sama. Shi ya sa hargitsin nata bai rushewa, akwai abin da ya riƙe shi. Darasin da za ka ɗauka ke nan, ba wai ka je ka yi ta watsa ɗigo irin nata ba.

Sai kuma Agnes Martin da ta rasu a 2004, ita akasin haka ce, kanbas mai ƙafa shida tsawo ƙafa shida faɗi, ta raba shi gida-gida da fensir da rula, kala mai haske ƙwarai, shi ke nan. Babu wani abin ɓuya a aikinta, in rabon filin bai yi daidai ba komai ya lalace. Na kawo ta ne don ka ga tsari shi kaɗai ma na iya tsayar da zane.

Yanzu aiki. Ka ja ƙananan akwatuna goma sha biyu a takarda, kowanne santimita 4 da 5, wato siffarsu ɗaya da filawud ɗinka. A kowanne ka zana wurin nan naka da kala uku kacal, farin takarda, toka-toka na fensir, da baƙi ƙirin. Ba taga ba ƙofa ba waya, manyan siffofi kawai, kar su wuce biyar zuwa bakwai. Minti biyu ko uku kowanne, kar ka yi gogewa. Ka ƙanƙance ido in kana kallon wurin, ƙananan abubuwa za su ɓace manyan dunƙulen haske da duhu su fito. Kuma kowane akwati ka canza wani abu: nan ka ɗaga layin sararin sama har ya kusa fita, rufin kwano ya cinye fili duka, can ka sauke shi ƙasa, wani ka sa lungu ya ratsa a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, wani ka matso kusa rufi uku kawai su cika akwatin. Na farko da na biyu yawanci su ne wanda kowa zai yi, daga na bakwai zuwa sama ake fara samun abin kirki, don haka kar ka tsaya a na huɗu ka ce ya isa.

In ka gama ka jingina takardar a bango ka yi taku biyar baya. Ka tambayi kowanne: a cikin fari da toka da baƙi wa ya fi yawa? Dole ɗaya ya rinjaya, in sun yi kunnen doki zanen zai zama ba ya cewa komai. Siffofin girmansu ɗaya ne? In haka ne ka haɗe wasu su zama babba guda, ka bar matsakaita biyu da ƙanana. Akwai layin da ya raba filin biyu daidai wa daida a tsakiya? Ka matsar da shi, sai dai in da gangan ka yi. Kuma ka san cewa layi a kwance natsuwa yake kawowa, a tsaye ƙarfi, a karkace motsi, ka zaɓi ɗaya ya zama shi ne babba a zanen sauran su bi shi.

Ka zaɓi guda, ka ɗora shi a filawud da babban buroshi da akrilik tsarara, ja mai kalar ƙasa da ɗan baƙi, har yanzu kala uku na haske da duhu. Ka ɗauke shi hoto ka mayar da hoton baƙi da fari a waya. In bai tsaya da ƙafarsa a wannan matakin ba wallahi babu yashin da zai cece shi, gara ka shafe da fari ka sake, minti goma ne.

Mataki na biyu: layi

Nan ne na fi so mu daɗe, don nan ne muke da gado mai yawa kuma muka fi sakaci. Yawancinmu layi ɗaya muka iya, wanda ake kewaye abu da shi sannan a cika ciki da kala, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Alhali layi na da nauyi, yana da sauri, yana iya yankewa ya ci gaba, yana iya shiga ƙarƙashin fenti ya ɓullo a gaba.

Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya yi karatu a makarantar Slade a shekarun 1950, ya dawo gida da salon Turawa, ya baje aikinsa ya ga mutanen garinsu ba su kula ba. Sai ya koma kan abin da idonsu ya saba da shi, haruffan Larabci da adon da ke kewaye da su, ya riƙa warware harafi yana ja masa jela yana buɗe cikinsa har ya daina zama abin karantawa ya koma siffa. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a, a can ya riƙa zane a ƴan guntayen takardu yana ɓoye su, daga nan ya samo hanyar da ya ci gaba da ita, ya fara daga ƙwaya ɗaya a tsakiya zanen ya yi ta tsiro, in takarda ta ƙare ya jona wata. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya rubuta allo ya san abin da ke hannun mutumin nan, yadda baki ɗaya na alƙalami ke ba da kauri in ka ja ƙasa ya ba da siriri in ka ja gefe. Kana da wannan a hannunka tun kana yaro, kawai ba a taɓa ce maka kayan aikin fenti ba ne.

A nan gida kuma, a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarar da aka koya a aji a haɗa da abin da mutum ya gada. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, layi siriri mai lanƙwasa da ke barin fili mai yawa fayau, daga baya ya kai wannan jami'ar Nsukka ya zama salon da aka san masu zanen can da shi. Abin lura shi ne bai kwashe zanen uli ya manna a kanbas ba, yadda layin ke tafiya ya koya. Haka nake so ka yi da dagi da aska takwas ta gaban babbar riga da zayyanar allo. In ka zana dagi a tsakiyar kanbas ka ce ka yi aikin gargajiya, gaskiya ba ka yi komai ba tukuna, tambari ka manna. Amma in ka lura yadda zaren dagi ke hawa kan ɗan'uwansa ya nutse ƙarƙashin na gaba, ka sa wayoyin wutan da ke kan rufin kwanon nan su yi irin wannan hawa da nutsewa, to ka fara.

Ga atisayen da za ka yi kafin ka taɓa filawud. Ka samu takarda babba, ko takardar buhun siminti da aka buɗe aka kakkaɓe. Ka fere kara ko gamba ka yi alƙalami, ka samo tsinken tsintsiya, gashin kaza, tsumma da aka murɗe, gefen kwali. Kowanne ka tsoma a tawada ka ja layi ashirin, wasu da sauri wasu a hankali, wasu ka danne wasu ka sassauta, wasu ka bari tawada ta ƙare a hanya layin ya yi ta kakkaryewa. Sannan ka ɗaure gawayi a bakin sanda mai tsawon hannu, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka zana a tsaye, wannan zai tilasta maka ja daga kafaɗa ba daga yatsu ba, kuma layin kafaɗa daban yake, ya fi rai nesa ba kusa ba. Na ƙarshe, ka kalli wurin da kake zanawa ka bi gefen abubuwa da ido hannunka na bi a takarda ba tare da ka duba takardar ba, minti biyar. Abin da zai fito zai karkace, amma ka duba da kyau za ka ga layukan sun fi waɗanda ka saba gaskiya.

Yanzu ka dawo kan filawud. Ka zaɓi iri uku kawai cikin layukan da ka gwada: ɗaya mai kauri da zai ɗauki nauyin tsarin, misali bakin lungun da ya ratsa, ɗaya siriri mai kaifi da rula ko tef don gefen kwano, ɗaya kuma sakakke na hannu don wayoyi. Kar ka kewaye kowace siffa, wani gefen ka bar haske da duhu su raba shi da kansu. Ka tara layuka su yi cunkoso a wuri guda da kake so ido ya tsaya, su riƙa raguwa in an yi nesa da wurin. Kuma ba da ƙari kawai ake layi ba, har da cirewa: ka shafa kala mai duhu a kan mai haske da ta bushe, tun tana ɗanya ka karce da ƙusa ko gindin buroshi, na ƙasa ya leƙo. In gawayi ka yi amfani da shi ka fesa masa abin kama gawayi ko ka bi shi a hankali da gam tsarara, in ba haka ba hawa na gaba zai kwashe shi ya dame maka kala.

Akwai kuma layin da ba hannu ke ja ba. Marigayi Gani Odutokun da ya koyar a sashen zane na Zariya har rasuwarsa a 1995 ya shahara da tsinka fenti ya zuba ya karkata filin, fentin ya gangara ya ja hanyarsa. Ka gwada a filawud na biyu, za ka gane ba sakaci ba ne, sai ka san kaurin ruwan da kusurwar da za ka karkata da lokacin da za ka kwantar.

Mataki na uku: kaushi

To yanzu ne aka zo wurin da kowa ke ɗoki. Kaushi iri biyu ne, akwai wanda hannu zai taɓa ya ji, akwai wanda ido ne kawai ke gani filin kuwa sumul yake. Ka fara da na ido don shi ba ya cin kuɗi: buroshi busasshe da ɗan fenti kaɗan ka ja a kan hawa da ya bushe, ko ka ɗiga kala biyu ka ja su da katin ATM (Gerhard Richter na Jamus da irin wannan jan ya yi manyan ayyukansa, sai dai nasa abin jan dogo ne ƙwarai), ko ka ɗora takarda a kan tabarma ko tsohon katako ka goga fensir a kwance, dabarar da Max Ernst ya ɗauka da gaske a 1925, ka yanki takardar ka liƙa.

Na taɓawa kuma, ka dubi mutum huɗu ka tambayi kanka me ya sa kowannensu ya zaɓi abin da ya zaɓa. Marigayi Antoni Tàpies na Basalona tun shekarun 1950 ya riƙa haɗa yashi da garin marmara ya yi fili kamar tsohon bango ya karce shi. Alberto Burri na Italiya likita ne da aka kama a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya riƙa ɗinke yagaggun buhuna a matsayin zane. Anselm Kiefer, da aka haifa a Jamus a 1945 shekarar da yaƙin ya ƙare, toka da tattaka da dalma yake ɗorawa saboda maganar ƙonewa da rushewar ƙasarsa yake yi. Mark Bradford na Los Angeles ya tashi a shagon gyaran gashi na mahaifiyarsa, da ƴan takardun da ake naɗe gashi da su ya fara, sannan ya koma kwaso fastocin tallan unguwarsu, ya liƙa hawa a kan hawa, ya bi da injin samfefa ya cinye na sama na ƙasa su fito, aikin ya fita kamar taswirar gari. Babu ɗayansu da ya ɗauki abu don kawai yana da kaushi, kowanne abin na da alaƙa da maganar da yake yi. El Anatsui ma da ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, murafen kwalabe da yake ɗinkewa da wayar tagulla suna ɗauke da tarihin fatauci. Don haka kafin ka liƙa komai ka iya amsa wannan: me ya haɗa abin nan da wurin da nake zanawa? A zanen rufin kwano jar ƙasar unguwar da garin tsatsa da ka kankaro suna da dalili, ƙyalƙyali da duwatsun ado ba su da shi.

Yadda za ka haɗa. Yashi ko jar ƙasa: ka tankaɗe, yashin ka wanke shi ya bushe sarai, ka zuba a cikin gam ko akrilik kaɗan-kaɗan kana juyawa har ya kama wuƙa bai zuba ba, kar yashin ya fi gam yawa. Ka gwada a guntun kwali tukuna, in ya bushe ka murza da yatsa, in yana zubowa gam ya yi kaɗan. Garin katako haka, amma ya fi shan ruwa kuma yana raguwa in ya bushe. POP shi kaɗai fashewa yake, ka sa masa gam a ruwan kwaɓin, ka kwaɓa kaɗan don yana kamawa cikin mintuna, kuma kar kaurinsa ya wuce milimita biyu zuwa uku a shafi ɗaya, in kana son tudu ka yi shi sau biyu. Buhun algarara ko tsumma: ka wanke, ka jiƙa shi sharkaf da gam, ka shafa wa katakon ma, ka danna ka kori iska, ka ɗora abu mai nauyi da leda a tsakani ya kwana. Kar ka kuskura ka yi gam da fulawa ko sitaci, damina na zuwa zai yi fumfuna, kyankyasai su cinye sauran. Jarida kuma ka sani tana komawa rawaya ta yi rauni da shekaru, ka rufe ta gaba da baya da gam ko ruwan akrilik. Duk lokacin da za ka goga samfefa a kan fenti ko POP ka sa takunkumi ka fita waje, ƙurar nan ba ta huhu ba ce.

Babbar doka a nan, kaushi kar ya cinye filin duka. Ni shawarata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran a bar shi lafiyayye, don sai kusa da sumul ake jin kaushi, in ko'ina tudu ne ido ba ya samun wurin hutawa kuma tsarin da ka sha wahala a kansa ya nutse. Ka koma kan ƙaramin zanenka na farko ka ga ina ne nauyin yake, can za ka ɗora. Abu mai kauri yana matsowa gaba, mai sumul yana komawa baya, ka yi amfani da wannan, rufin da ke kusa ya samu tsatsa da kauri, na nesa ya zama shafi tsarara.

Bayan ya bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu, sai ka fito da shi da kala. Ka tsinka kala mai duhu da ruwa sosai ka shafe wurin, ta gangara cikin ramuka, ka goge saman da tsumma tun ba ta bushe ba. In ta bushe ka bi kan tudun da buroshi busasshe da kala mai haske, a hankali, saman kawai zai taɓa. Kaushin zai binne wasu layukanka, wannan ba matsala ba ce, ka dawo da waɗanda ake buƙata, wasu ka bar su a nutse rabi na gani.

Dubawa da gyara

Ka jingina aikin, ka koma nesa, ka sake ɗaukar hoton baƙi da fari ka ajiye shi kusa da wanda ka ɗauka a matakin farko. In manyan siffofin nan na haske da duhu sun ɓace to ka yi yawa, ka ɗauki babban buroshi ka shafe wani yanki da kala guda ko da akwai wurin da kake so a ciki, ko ka kankare. Ka juya shi kai ƙasa, ka kalle shi a madubi, karkata da rashin daidaito nan take suke fitowa. Kuma in malaminka ko abokan ajinka za su duba, ka kai musu har da ƙananan zanen da takardar layuka, gyaran da za su ba ka zai fi amfani in sun ga ta inda ka biyo.

Filawud na uku ka sake yin wurin nan dai, amma da wani tsarin daga cikin sha biyun, ka rage kala zuwa biyu, ka hana kanka abin da ya fi yi maka daɗi a na farko.

Wurin ɗaukar hoton aikin kar ka kunna filashi, yana kashe kaushi ya mayar da shi fili. Ka fitar da shi da safe ko da la'asar hasken ya zo daga gefe guda, tudu ya yi inuwa, ka ɗauki cikakke ɗaya da na kusa biyu. Akrilik mai kauri ka ba shi kamar mako guda kafin ka shafa banish, fentin mai kuwa sai ya yi wata shida ko fiye. Wurin ajiya ka tsayar da su a kan bulo ko katako kar su taɓa ƙasa saboda gara da danshi, kar ka haɗa fuska da fuska don akrilik na manne wa juna in an yi zafi, ka sa kwali a tsakani, da hunturu kuma ka yafa musu tsohon zani, ƙura in ta shiga ramukan yashi da wuya ta fita.